Sati Bakwai da Na Ajiye Maganina

Ina koyar da aji uku a wata firamare a Maƙarfi lokacin da ciwon ya same ni. Da gajiya ya fara. In na rubuta layi biyar a allo sai hannuna ya yi nauyi, in nemi kujera. Rigunana suka fara yi mini yawa, ga wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu, wanda ya sa loma uku ta tuwo ke ƙosar da ni. An yi mini maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, an yi na taifot, maƙwabciyata ta dafa mini sassaƙen shawara. A ƙarshe wani ma'aikacin asibitin garinmu ya danna cikina, ya rubuta takarda, ya ce wa maigidana mu wuce babban asibiti a Zariya.

A can aka ɗebi jinina, aka kuma ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙuguna. Likitar da ta gaya mana sakamakon wata siririyar mata ce mai tabarau, ba ta gaggawar magana. Ta ce sankarar jini ce, amma irin wadda ke tafiya a hankali. Fararen ƙwayoyin jinina ne suka yi yawa fiye da kima, abin da nake ji a gefen hagu kuma saifata ce ta kumbura. Akwai ƙwayar da zan riƙa sha kullum bayan cin abinci, da ruwa kofi guda cike.

"Har tsawon wane lokaci, Likita?" in ji maigidana.

"Ba ranar dainawa, Malam, sai in mu muka ce. Ƙwayar tana danne ciwon ne. Muddin tana sha, da yardar Allah za ta koma ajinta."

Haka kuwa aka yi. Cikin wata biyu taurin cikin ya sauka, na koma makaranta. Sai dai ƙwayar ta zo da nata halin. Kullum da safe nakan tashi idanuna a kumbure kamar na kwana kuka. Jijiyar ƙafata takan ɗaure ina tsakiyar sujada, sai na tsaya na murza ta. Wani lokaci tashin zuciya ya hana ni sakat har azahar. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne fatata ta fara haske. Ni baƙa ce tun haihuwa, irin baƙin gidanmu na Nasarawan Doya, sai ga shi na koma kamar an wanke ni da toka. Wata rana na shiga ofishin malamai na tarar an yi tsit, daga baya na ji wai ana cewa Malama ta fara shafe-shafe da girmanta. Ban gaya wa kowa a makaranta sunan ciwona ba, don haka ba ni da bakin kare kaina.

A bencin jiran likita na haɗu da matar da muke kira Maman Ikara. Ta girme ni da kusan shekara goma. Kirista ce, asalinta daga kudancin Kaduna, aure ya kawo ta Ikara tun tana budurwa, mijin ya rasu ta zauna da 'ya'yanta. Tana da injin markaɗe a ƙofar gida, tana kuma noma gyaɗa a wata gona da take haya a wajen Malikanci. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa, ta matsa mini wuri, ta ce da Hausarta mai ɗan gargada:

"Malama, sannu. Na ga idon, na ga fatar. Ke ma tamu kike sha ko?"

Na ce wace tamu. Ta zaro kwalin ƙwayarta daga jaka, irin tawa sak. Shekararta shida tana sha. Ta nannaɗe hannun rigarta ta nuna mini yadda ita ma ta yi haske, ta ce a cocinsu har an taɓa aiko mata da dattijuwa ta yi mata nasiha a kan man bilicin. Muka yi dariya har mutanen benci suka juyo. Rabon da in yi dariya irin wannan tun kafin a ɗebi ɓargona.

Ita ta koya mini in riƙa shan ƙwayar a tsakiyar abincin rana maimakon bayan ɗan kokon safe, tashin zuciyar ya ragu. Ita ta haɗa ni da wani dattijo manomin rake daga Kudan, wanda shi ma ciwonmu ɗaya. Baban Kudan ba ya karatun boko, don haka in an ba shi takardar gwaji sai ya miƙo mini ya ce, "Malama, duba mini ko na ci jarrabawa." Yakan zo mana da mazarƙwaila a leda. Da yake motar Ikara ta Maƙarfi take biyowa, Maman Ikara takan kira ni tun tana tasha, ta sa direba ya bar mini wuri kusa da ita. Haka muka yi fiye da shekara guda.

Sai aka yi suna a gidan ƙanwata, aka ɗauki hotuna, aka tura wa ƙanena da ke aiki a Legas. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na kai shi makaranta ranar farko. Da yamma ya kira ni.

"Yaya, me na gani haka? Kin ɗashe gaba ɗaya. Jininki ƙarewa yake yi, maganin nan cinye ki yake."

Na ce masa likita ta ce ba komai ba ne. Bai gamsu ba. Bayan kwana goma wani direban babbar mota ya sauke mini kwali a bakin titi. A ciki akwai kwalabe shida. Biyu na bitamin ne masu hoton lemo da karas, ɗaya jan ruwa ne na ƙarin jini, ɗaya farar ƙwaya ce ta ƙarfin ƙashi, ɗaya wani koren kafso ne da aka rubuta an haɗa shi da ganyaye iri-iri, na ƙarshen kuma gari ne da ake damawa a ruwa, wai yana wanke jini yana ƙarfafa garkuwar jiki. Ƙanena ya ce matar wani abokin aikinsa ce ke sayarwa, kuma ta rantse masa mutane da yawa sun bar asibiti saboda su.

Ban yi niyyar barin maganina ba. Da farko haɗawa na yi, ina shan wancan ina shan waɗannan. Cikina ya kasa ɗauka, kwana huɗu ina amai. Na zauna a bakin gado na jera su a gabana, na ce dole a rage wani. Na dubi kwalaben nan masu kyau da ɗan'uwana ya aiko da su daga nesa, na dubi ƙwayar da ke kumbura mini ido tana sa ana gulmata a ofis. Na ce bari in huta da ita sati ɗaya kawai in gani. Na tura kwalinta ƙarƙashin zannuwa a cikin akwati. Maigidana yana ganina ina haɗiyar ƙwayoyi kullum bayan abinci, bai san waɗanne ba ne.

Sai kuwa na ji daɗi. Kumburin ido ya tafi, ƙafa ta daina ɗaurewa, ina cin abinci kamar mai aikin gona. Sati ɗaya ya zama uku. Launina ya fara dawowa. Shugabar makarantarmu ta tare ni a baranda ta ce, "Malama, masha Allah, jiki ya yi kyau." Ƙanena yana kira yana murna, yana cewa zai sake aiko da wani kwalin. Da ranar asibiti ta zo na ce wa maigida an ɗage. Maman Ikara ta kira ni daga tasha, na ce mata muna jarrabawa a makaranta. Ta sake kira da yamma ban ɗauka ba. Washegari ma ban ɗauka ba.

A cikin sati na shida na lura zufa ta dawo mini, irin wadda ke jiƙa matashi. Na ce zafi ne. Na kuma lura ina barin tuwo a kwano. Ban kai hannuna gefen hagu ba ko sau ɗaya, ko a wajen wanka ina kauce wa wurin.

Ranar kasuwar Maƙarfi, bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallama. Maman Ikara ce, da buhun barkono rabi a ka, ta sha tambaya kafin ta gano gidan. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara da makaranta, na tambayi inji da gona da jikoki. Ta sha ruwan, ta ajiye kofin, ta daɗe tana kallon fuskata.

"Kin yi kyau, Malama," ta ce. "Kin koma baƙarki. Yaushe kika daina?"

Na buɗe baki zan musa, na kasa. Na ce sati bakwai gobe.

Ba ta yi salati irin nasu na Kirista ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ce mu shiga ɗaki. Ta sa na kwanta rigingine a gado, ta sa tafin hannunta mai kaushi a ƙarƙashin haƙarƙarina ta ce in ja numfashi, yadda likita ke yi mana. Ni da kaina na ji abin ya taɓa yatsunta.

"Kin ji ta?"

"Na ji, Mama."

Ta zauna a gefen gadon. Ta ce a shekararta ta biyu ita ma ta daina, wata huɗu cur. Ba wanda ya aiko mata da komai, ita ce ta ga ta warke, ta je coci ta yi godiya, ta jefa kwalin a bayan kabad. Lokacin cirar gyaɗa ta faɗi a gona, aka ɗauko ta a amalanke zuwa bakin hanya. Ta yi sati uku a gadon asibiti. Ta ce akwai wata mata 'yar Hunkuyi da suka fara tare, ita ma ta daina a wannan shekarar, amma ita da ta dawo ƙwayar ta ƙi kama ciwon.

"Ban taɓa gaya miki ba saboda kunya," ta ce. "Da na gaya miki tun farko, wataƙila da ba mu zo nan ba. Ina kayan da kike sha?"

Na fito da kwalaben. Ta ɗaga kowace ta juya ta, ta shinshina garin. Ta ce ita ba ta san abin da ke ciki ba, ba za ta ce guba ba ne, ba za ta ce magani ba ne. Mu kwashe su duka mu kai wa wadda ta sani.

"Likita za ta ci mutuncina," na ce.

"To ta ci. Tare za mu shiga, ta ci na mu biyu."

Na tambaye ta ko in ɗauko ƙwayar in fara sha tun yau. Ta zaro wayarta ta kira wata nas ta sashenmu da ta saba da ita. Nas ɗin ta ce mu zo gobe da sassafe a fara auna jini. Kafin Maman Ikara ta tafi sai da ta jira maigidana ya dawo daga masallaci. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Malam, Malama tana da magana da kai, ni zan kama hanya kada mota ta ƙare." Ta ɗauki barkononta ta bar ni da shi. Na gaya masa komai. Ya ce shi ma da laifinsa, tunda yana gani ana shan magani bai taɓa tambayar wanne ba ne.

Washegari mu uku muka tafi, ni da maigida da Maman Ikara. Ba ranar asibitinmu ba ce, amma muna isa muka tarar da Baban Kudan a benci, an ce ya dawo a sake masa wani gwaji. Ya ga ledar da ke hannuna tana ƙara, ya tambaya, Maman Ikara ta ce masa kayan Malama ne za a nuna wa likita. Sai dattijon ya sosa ƙeya, ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wata gorar roba mai baƙin ruwa. Ya ce a kasuwa ya saya wajen masu lasifika, na ƙarin kuzari ne, wata biyu ke nan yana kurɓa da safe. Shi dai bai bar ƙwayarsa ba. Ya ce tunda yau ranar tonon asiri ce, a haɗa da tasa.

Likitar ba ta ci mutuncina ba. Ta cire tabarau, ta murza idonta, ta tambaye ni ranar da na sha ta ƙarshe, ta rubuta. Ta tambayi dalili. Na gaya mata batun ido da ƙafa da maganar ofis da ƙanena.

"Hajiya, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ƙafarki tana ɗaurewa ba?"

Na ce na ɗauka ƙaramin abu ne da bai kai a dami likita da shi ba. Ta ce ƙananan abubuwan nan su ke raba mutane da maganinsu, don haka su take son ji.

Ta jera kwalaben a teburinta ta karanta bayan kowace. Bitamin ɗin biyu ta ce kusan abu ɗaya ne, ba za su cuce ni ba, amma ba sa taɓa sankara ko kaɗan, kuma mai cin ganye da wake da ƙwai ba lallai ya buƙace su ba. Jan ruwan ƙarin jinin ta ce in ajiye, ba a shan sa sai gwaji ya nuna ana bukata, hasken fatata kuma ba ƙarancin jini ba ne, aikin ƙwayar ne. Koren kafson da garin ta tura su gefe guda tare da gorar Baba. Ta ce ba a rubuta ainihin abin da ke cikinsu ba, kuma akwai ganyayen da ke rage ƙarfin maganinmu, akwai masu wahalar da hanta. Farar ƙwayar ƙashin kaɗai ta miƙo mini, ta ce wannan tana iya taimaka wa ɗaurewar ƙafa, ta rubuta yadda zan sha da tazarar da zan bari tsakaninta da maganina.

Sakamakon jinin ya fito da azahar. Fararen ƙwayoyin sun hau sosai, amma ciwon bai rikiɗe zuwa mai tsanani ba. Ta mayar da ni kan ƙwayata, ta ce in riƙa zuwa duk sati biyu har ta ga inda aka dosa, kuma ba za ta yi mini alkawarin zai kama kamar da ba. Shi ma Baba gwajin da aka kira shi a sake na hanta ne, yanzu ta gane dalili. Ya bar mata gorar a kan tebur, ya ce ta ba shi aron kwandon shara.

Wata uku na yi ina wannan zirga-zirga. Ido ya koma kumburi, fata ta koma haske. Wannan karon na tara malaman makarantarmu a ofis na gaya musu sunan ciwona da abin da maganin ke yi. Wata daga cikinsu ta fashe da kuka ta nemi gafara. A gwaji na shida likita ta dubi takarda ta ce, "Alhamdu lillahi, ya kama."

Kiran ƙanena ne ya fi mini wuya. Na bari sai da na samu wannan labarin sannan na gaya masa abin da ya faru. Da na gama sai ya ce:

"Yaya, ashe na kusa kashe ki."

Na ce masa shi kwali ya aiko, ni na ɓoye magani a akwati. Na ce ɗaya daga cikin kwalabensa ma likita ta amince da ita, kuma ƙafata ta yi sauƙi. In yana son ya yi mini wani abu, ya riƙa kirana ranar asibiti ya tambayi sakamako. Har yau yana kira, wani lokaci tun ina cikin mota.

Daga wannan ranar muka ɗauki wata al'ada a bencinmu. Duk wanda aka ba wani abu, ko na kanti ko na gargajiya, ko daga ɗa ko daga suruki, sai ya zo da shi a leda. Ni nake karanta abin da aka rubuta a jiki in fassara, sannan mai shi ya shiga da shi wajen likita. Ba ma hana kowa, ba ma kuma yi wa kowa dariya. Yanzu mun kai mu tara, daga Ikara da Maƙarfi da Kudan da ƙauyukansu. Wanda bai zo ranarsa ba, kafin magariba wani ya kira shi, in bai ɗauka ba sau biyu wanda ya fi kusa ya je gidan.

Baban Kudan ya rasu bara da damina. Ba sankarar ce ta ɗauke shi ba, ciwon huhu ne na kwana biyar. Ni da Maman Ikara muka je gaisuwa. Matarsa ba ta taɓa ganinmu ba, amma muna yin sallama ta ce, "Ku ne Malama da Mama na asibiti." Ta riƙe mu har la'asar.

A farkon bana ƙwayar ta daina yi wa Maman Ikara aiki, bayan shekara goma sha ɗaya. An canza mata wata, wadda ke sa ta jiri da ƙaiƙayi. Ta rame, ta ba surukarta injin. Amma ta ƙi sakin gonar Malikanci. Asabar ɗin da ta wuce na hau mota na same ta a can, an cire gyaɗa an tara, tana zaune a inuwar ɗorawa tana tsinka a hankali. Na ɗaura ɗankwalina da kyau na zauna kusa da ita, na jawo nawa tulin. Ta tambaye ni ko na ci abinci, na ce na ci. Ta ce gwajinta na gaba ranar Litinin ne, tana ɗan jin tsoro. Na ce zan jira ta a bakin titi, ta sa direba ya bar mini wuri. Muka ci gaba da tsinka har kwandon ya cika, jikarta ta zo da mai babur ya mayar da mu gari.